Hanyar Kurmi da Bakin Teku ga Mai Ƙaramin Guzuri

Zuwa ga Edita,

 Ga ni na sake zuwa neman filin nan da ka saba ba ni. Tun da aka gama girbi aka kai dawa rumbu, takardu uku sun iske ni, biyu daga malaman makaranta, ɗaya daga wani mai tsangaya, tambayarsu kuwa ɗaya ce. Suka ce samarinmu sun ɗaura niyyar ci-rani a Kurmi, waɗansu har suna zancen Kwatano da Ankara da Abijan, ga shi guzurinsu kaɗan ne. Ina hanyar da ta fi araha, me kuma ya kamata a faɗa musu kafin su tashi?

Wanda ya san ƙasar Ungogo ba zai yi mamakin wannan tambaya ba. A nan gona tana jingine da gona, ba saura, ba daji, kowace shekara ƙasa ɗaya a ke nomawa, da ƙarfin taki ta ke ba da abin da ta ke bayarwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sun raba ta gado. Birni kuma ya miƙo ƙafa, Bachirawa da Rijiyar Zaki sun zama gidaje, inda a ke gero dā yanzu bulo a ke bugawa. Saurayin da ya ga haka, in ka ce masa ya zauna gida rani duka, sai ya tambaye ka ko kai za ka biya masa sadaki. Hana su tafiya ba zai yiwu ba. Abin da ya rage mana shi ne su tafi da sani.

Su fara sanin cewa ba su suka buɗe hanyar nan ba. Littafin tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. Abin da ya ja kakanninmu can goro ne, gama itacen goro ba ya yi sai a inuwar kurmi, mu kuwa ba a ɗaurin aure ko zanen suna sai da shi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda yawancinsu a ƙauyukan Kano su ke zaune, da Kambarin Barebari, su suka riƙe wannan fatauci. Ayari yakan tashi bayan ɗaukewar ruwa, madugu na bisa kowa, jagaba na gaba. Su ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Bargu, su bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salaga. Baturen nan Kilafatan ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ya ce mutanensa sun fi 1,000, maza da mata, dabbobin kaya kuma kamar haka. Suna kai kanwa da baƙin rini da jar fata da gabu, har da bayi, wannan kuwa ba abin ɓoyewa ba ne. Su komo da goro a naɗe cikin ganye. Bart, Bajamushen da ya zauna Kano cikin 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki fiye da 500 na goro ke shigowa birni kowace shekara, kaya ɗaya in ya iso lafiya a sayar da shi wuri 200,000.

Abin lura shi ne fatake ba su shiga cikin kurmin kansa. A Salaga su ke tsayawa, a bakinsa. Dalili biyu ne: Tonawa ba su yarda baƙo ya isa gindin itacen goro ba, ƙudan tsando kuma yana kashe jaki da doki. Tafiyar kan ci wata biyu ko uku zuwa kawai, mutum ya bar gida da kaka, wani lokaci sai wata kakar a gan shi. Kowane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an biya fito. Madugu na gari shi ne wanda ya san nawa a ke biya a kowace mashiga, ya san lokacin da za a yi ciniki da lokacin da za a biya a wuce ba gardama. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Turawan Ingila suka ci Kumasi cikin 1874, Salaga ta yi yaƙin basasa cikin 1892, kasuwarta ta watse, Hausawa suka bazu Kete Karaci da Kintamfo da Kumasi da Ankara. Malam Umaru, haifaffen Kano, mai waƙoƙi da rubuce-rubuce, yana cikin waɗanda suka koma Kete Karaci, a can ya rasu cikin 1934. Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, ya ga cewa goro ya fi saurin isa in an ɗora shi jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, watau Legas. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga jama'a cikin 1912, mil 700 daga Ikko, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Yarabawa kuma suka dasa goron Gwanja a ƙasarsu, Shagamu ta zama uwar goro. Tun daga nan hanyar jaki ta mutu, amma zangon da fatake suka kafa bai mutu ba, shi ne kuwa babban jarin talaka matafiyi har gobe.

To, mu zo ga tafiyar yau. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne ta mota. Daga Kaduna hanya ta rabu biyu: ko a bi ta Mokwa da gadar Jabba da Ilori, ko a bi ta Abuja da Lakwaja, duka su haɗu a Badun. Manyan motocin safa sukan tashi daga Sabon Gari, yawanci da yamma, a kwana ana tafiya. Wanda ya sami motar da za ta bi wuraren da a ke tsoro da rana, ya ƙara kuɗi ya shige ta, bai yi asara ba. Mai son jirgin ƙasa kuwa, akwai sabon layi tsakanin Kaduna da Abuja tun 2016, da na Badun zuwa Ikko tun 2021, amma ya je tasha da kansa ya tambayi ranar tashi.

Akwai wata araha da na ke so malamai su tsaya a kanta da kyau, ita ce hawan bayan tirela. Yaro ya ba yaron mota abin da bai kai rabin kuɗin safa ba, ya hau bisa buhunan albasa ko bisa katakon da a ke gittawa saman shanu, ya zauna kwana biyu, rana ta doke shi, raɓa ta jiƙa shi. In barci ya sace shi ya faɗo. In motar ta kife, kayan da ya hau su za su danne shi, sunansa kuwa ba ya cikin kowace takarda, don haka sai iyaye su yi wata uku suna zaton yana can yana neman kuɗi. Haɗarin kuma bai tsaya ga hanya ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta mutanen ƙasar Kano suna komowa gida salla daga wajen Fatakwal cikin babbar mota, aka tare su a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron gari ya kashe 16 daga cikinsu. Laifin yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba wani uzuri da zai wanke su. Amma mu da mu ke sallamar yara, wajibi ne mu san irin idon da a ke kallon baƙo da shi a wurin da tsoro ya yi yawa. Kada yaro ya tafi da wuƙa ko adda ko wani abin da za a kira makami, ko da kayan sana'arsa ne. Ya saya a can. Ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a jikinsa, ya shiga mota a tasha inda a ke rubuta suna da lambar wayar wani nasa.

In an isa Kurmi, sai zango. Sabo ta Badun tun 1916 ta ke, akwai Sabon Shagamu, a Ikko akwai Agege da Idi Araba da Obalande. Kwatano na da unguwar da sunanta ma Zango. Na Lome, an tashe shi daga tsakiyar gari cikin 1977 aka mai da shi arewa da birnin. Ankara na da Nima da Sabon Zango da Madina, Kumasi na da tsohon Zango da Aboabo da Asawasi, a Abijan kuwa a nemi Tireshbil da Ajame. A waɗannan wurare akwai sarkin zango ko sarkin Hausawa, akwai liman, akwai masu masauki waɗanda baƙi su ne sana'arsu. Baƙon da ya yi sallama da Hausa ba ya rasa tabarma. Kuɗin ɗakin otal na dare ɗaya ya isa ya ci da shi kwanaki a zango. Sai dai kada ya zo hannu rabbana ya miƙe ƙafa. Al'adar masauki tun zamanin fatake ita ce mai gida ya ba ka wurin kwana, ya ajiye maka kuɗinka, ya tsaya maka in ka shiga rigima, kai kuma cinikinka ya bi ta hannunsa ya sami la'ada. Mai aikin ƙarfi da ba shi da haja, ya ɗebi ruwa, ya yi shara, ya sa hannu a cefane. Na ga samari da suka ɗauki zango gidan ubansu, bayan mako guda aka fara yi musu tari a ƙofar ɗaki.

Ƙetare iyaka shi ne inda mai ƙaramin guzuri ya fi zubar da kuɗi, yawanci kuwa don rashin takarda. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko cikin 1975, cikin 1979 ƙasashenta suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa ya shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma ba a ce ba fasfo ba. Sai ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, a buga maka hatimi wurin fita, a buga wurin shiga. Na biyu katin rigakafin shawara, wanda a ke kira yalo kati. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka kada a bari sai gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai. A wata kan iyaka da ba zan ambaci sunanta ba, na ga wani yaro mai sayar da takalma ya biya abin da ya fi kuɗin motarsa don ba shi da wannan kati, da ya komo kuma ya sake biya. Akwai masu sayar da katin ba allura. Wannan cuta ce biyu, gama shawarar kurmi sauro ke kawo ta, sauro kuwa ba ya karanta kati.

Daga Ikko zuwa Abijan ta bakin teku ya ɗara kilomita 1,000 kaɗan, ƙasa biyar, iyaka huɗu. A bi ta Badagiri zuwa Seme, a shiga Kwatano, a wuce Wida zuwa Hilakonji, a shiga Togo. Togo a nan siririya ce ƙwarai, faɗinta a bakin teku bai fi kilomita 60 ba, iyakar Aflawo kuwa a jikin birnin Lome ta ke, kana fita kasuwa ka taka da ƙafa ka shiga Gana. Daga nan Ankara, Kefkwas, Takoradi, Elubo, sai ƙasar Kwaddibuwa. Akwai manyan safa masu tafiya kai tsaye daga Ikko zuwa Ankara. Sun fi tsada, amma yaran motar su ke tattara fasfo su yi magana da masu shinge, watau su ne madugan zamani. Wanda ya ke gutsura tafiyar, ya hau ƙaramar mota zuwa iyaka, ya ƙetare da ƙafa, ya hau wata, kuɗin motarsa ya fi sauƙi, amma shi kaɗai zai fuskanci kowane teburi. Ra'ayina shi ne wanda bai taɓa zuwa ba ya bi safa ko ya bi wanda ya saba. A tafiya ta biyu ya gutsura. Shingayen hanya kuwa, musamman tsakanin Ikko da Seme, kowa ya san yawansu. Fiton dā ne ya sake riga, sai dai na dā sarki ke karɓa a fili, an san adadinsa. Mai cikakkiyar takarda ya yi magana da ladabi, ya nemi rasit in an ce ya biya, kada ya ba kowa fasfonsa sai mai kayan sarki da ke zaune a ofis, gama 'yan kamasho sun cika bakin iyaka, kowa na cewa shi zai fid da kai.

Kuɗi iri uku za a taɓa: naira, da sefa a Binin da Togo da Kwaddibuwa, da sidi a Gana. Sunan sidi daga kalmar Tonawa ta wuri ya fito, ashe dai ba mu rabu da kuɗin kakanni ba. Sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai, naira da sidi kuwa suna hawa da sauka, don haka duk farashin da na rubuta a nan zai zama ƙarya kafin jarida ta iso hannunku. A canza kaɗan a iyaka, abin mota da abinci, sauran a bari sai zango inda mai gida zai nuna amintacce. Ga wani tarko da ke kama mutanen Nijeriya: Hausawan ƙasashen sefa da dala su ke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000. In mai tuwo ta ce dala ɗari, sefa 500 ta ke nufi. Daga Togo zuwa yamma kuma agogo yana bayan namu da awa ɗaya.

Abinci ba zai ba Bakano wuya ba yadda ya ke zato. A Gana zai tarad da koko da ƙosai da safe, har kokon Hausa su ke kiransa. Shinkafa da wake tana nan, sun gajarta sunan suna cewa wace, tuwon zafi kuma da sunansa ya ke. A Abijan abincin talaka shi ne garba, garin rogo turarre da soyayyen kifi, an ce sunan daga 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo asali. Abin tsoro ruwa ne da sauro. Gidan sauro ba shi da nauyi, a sa shi cikin jaka. Zazzaɓi in ya kama, a nemi asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a ƙasar da ba ka san itatuwanta ba. Damina kuwa biyu ce a can: babba daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara cikin Agusta, ƙarama ta biyo har wajen Nuwamba. Mai ci-rani ya yi sa'a, gama lokacinsa shi ne na sauƙin hanya. Zafinsu ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, riga in an wanke ta sai ta kwana biyu, takarda ta yi laushi, saboda haka fasfo a leda.

Wani abin mamaki, kurmin ba a haɗe ya ke ba. Daga Kwatano har Ankara fili ne da kwakwa da tafkuna, har da kuka za ka gani, ruwan saman da Ankara ke samu bai fi na Kano ba. Sai an wuce yamma, ko an hau hanyar Kumasi, sa'an nan itatuwa su rufe sama. Malamin makarantar da ya sami hutu, ya ke tafiya don ganin duniya, ya tsaya Elmina ya ga gidan da Turawan Fotugal suka gina cikin 1482, da kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare bayi kafin a ɗora su jirgi. Cikin waɗanda suka bi ta irin waɗannan ƙofofi akwai masu jin Hausa. Kusa da nan akwai dajin Kakum, inda aka ɗaura gadar igiya daga kan itace zuwa kan itace, tsayinta daga ƙasa ya kai mita 30 ko fi. Baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, amma wanda duk rayuwarsa bai ga itacen da ya fi rimi ba, ya ga abin ba yara labari. Mai son ganin Salaga kuma ya bi ta Kumasi zuwa Yeji ya ƙetare tafkin Bolta a jirgin fito. Tsohuwar Kete Karaci tana ƙarƙashin wannan ruwa tun da aka gama madatsar Akosombo cikin 1965, kamar yadda Kainji ta cinye tsohuwar Busa cikin 1968.

Ɗaya daga cikin masu takardun ya tambaya ko ba a iya bin tsohuwar hanyar fatake ta arewa, tun da ta fi kusa a taswira. Ban ba da wannan shawara ba. 'Yan bindiga sun yi ta kai hari a arewacin Binin da arewacin Togo, har Togo ta kafa dokar ta-ɓaci a lardinta na arewa cikin 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, mutane suka koma kwalekwale. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fita daga ECOWAS cikin Janairu 2025. Duk mai niyyar bin can ya tambayi direban da ya fito a makon nan, labarin bara ba ya amfani.

Iyaka tana rufuwa ba sallama, Nijeriya da kanta ta rufe nata daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Zama ba takarda kuma yana da ranar ƙin dillanci. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa izni mako biyu su fita, Hausawa da yawa da aka haifa can suka bar gidaje da shaguna. Cikin Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, har jakar da samarinmu ke zuba kaya a ciki yau ta sami sunanta na Gana-mas-go. Wanda zai wuce kwana 90 ya nemi iznin zama, kuɗin komowa gida kuma ya ba mai gida ajiya tun ran da ya sauka, kada ya taɓa shi ko da ciniki ya yi daɗi.

Roƙona ga malamai da akawuna masu karanta wannan shi ne, yawancin waɗanda zancen ya shafa ba su karanta jarida. Ku karanta musu a dandali ko bayan sallar Juma'a. Kowane yaro zai tashi, mai unguwa ko liman ya rubuta masa 'yar takarda, da boko da ajami, mai sunansa da na ubansa da garinsu da sunan wanda zai sauka wurinsa, a bar kwafi ɗaya a gida. 'Yan goro na kasuwar Mariri sun san masu masauki daga Shagamu har Kumasi, wanda ba shi da kowa a can ya fara zuwa wurinsu.

Mako mai zuwa, in Edita ya yarda, zan yi magana a kan hanyar gabas, ta Yola da Garwa da Ngaundare zuwa Duwala. Wassalam.

Naku,
Akawu, Ungogo.